Ƙuri'a Bakwai

Wakilai sittin da uku suka shiga zauren.
Arba'in da ɗaya suna cikin littafina,
da jan biro, suna da unguwa.
Kowannensu ya dafa ƙirji ya ce mini,
"Illa, kai dai je ka yi barcinka."
Na kuwa yi.

Ni malamin dabbobi ne.
Shekara sha tara ina cusa hannu a bakin raƙumi
ban taɓa tambayar jam'iyyar mai shi ba.
Rijiya ce ta tunzura ni,
ta mashayar bayan kasuwa,
damina uku ke nan da ruftawarta
ba babban da ya ko leƙa.
Na ce bari in zama depite,
in je Yamai in faɗa da bakina.

Na sayar da rudun albasa biyu tun ba ta yi tsada ba.
Hasira ta cire ɗan kunnenta ta ajiye kan tabarma,
ba ta ce uffan ba,
ta koma ga tankaɗenta.
A Ƙonni aka buga hotunan, dubu guda.
Mai injin ya ƙara mini kumatu da haske
har uwata ta kai takardar kusa da ido
ta ce, "Wannan ɗan wa ne?"

Bilbis, Garkawa, Wadata,
babur ɗina ya san kowane rami a Tawa.
Na sha shayin fari mai ɗaci, na biyu, na uku,
a fada fiye da talatin.
Ina zancen rijiya, suna gyaɗa kai,
idanu kuwa na kan aljihuna
kamar kaji sun ga mai tsaba.

Daren jajibiri
motoci uku suka shigo ta hanyar Tsarnawa.
Ni ban ga kome ba.
An dai ce Alhaji Arzika ya zo gaisuwa gida-gida,
irin gaisuwar da ake tura ƙofa.

Bayan azahar aka zazzage akwati.
Wani na kiran suna, wani na jan alli a allo.
Arzika. Arzika. Arzika.
Layukansa suka tashi shinge,
nawa kamar haƙoran tsohuwar tunkiya.
Bakwai.
Na miƙe na ba shi hannu.
Tafinsa da laushi, bai taɓa jan guga ba.
Ya ce, "Yaro, da sauranka,"
ni da furfura ta fara cin gemu.

Washegari tun da hantsi aka soma sallama.
Mutum goma sha tara na ƙirga.
Kowa sai ya ja ni gindin bedi, ya rage murya:
"Ka dai san ina cikin bakwai ɗin."
In ce na sani.
In ba shi ruwa a moɗa.
Daga bayan dangar kara ina jin Hasira
tana danne dariya da bakin zane.

Har yau ban san su ba.
Ina duban fuskoki a masallacin Juma'a,
ina neman wanda zai sunkuyar da kai,
sai in ga duk sun sunkuyar.

Sauran hotunan na ba Ɗan Tambai mai tsire.
Jiya na sayi na dala ɗari,
ya naɗe mini a cikin fuskata,
mai ya huda goshin, yaji ya cika ido ɗaya.
Na ci, da daɗi.

Da safe wata tsohuwa ta jawo akuya mai kumburin ciki.
"Depite," in ji ta, ba da ba'a ba,
"ka duba mini ita."
Na durƙusa, na kara kunne a haƙarƙari.
Ta ce ruwan tafki take sha
tun da rijiyar nan ta rufta.
Na ce na sani, Inna.
Riƙe mata ƙahon.